Amsa: Zazzaɓi bayan haihuwa, maleriya ce kawai?

'Yar'uwa, kin ce ƙanwarki ta haihu kwana 4 da suka wuce a Jos, yanzu tana zazzaɓi da rawar ɗari. Ku kai ta asibiti yau, kar a tsaya ga maganin maleriya ko wankan jego. Zafin jiki da ya kai digiri 38, ciwon mara, jinin biƙi mai wari, numfashi sama-sama ko raguwar fitsari cikin kwana 42 bayan haihuwa, na iya zama alamun cewa ƙwayar cuta ta shiga mahaifa, kuma tana iya wucewa jini. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna irin wannan kan jawo kusan kashi 11 cikin 100 na mutuwar masu haihuwa.

Yawanci daga doguwar naƙuda ne, ko faya ta fashe tun da wuri, ko ragowar mabiyiya ta maƙale. Shi ya sa ake son ungozoma ta wanke hannu, ta sa sabon safar hannu, ta duba bakin mahaifa duk bayan awa 4 kawai. Wadda za a yi wa tiyatar haihuwa kuwa, ana yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta minti 30 zuwa 60 kafin yanka.

Idan jikin ya tsananta, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo na da sashen kulawa ta musamman. Ku tafi da katin awonta.