Galan ba ɗaya ba ne, ƙanwata

Ƙanwata, na ga saƙonki. Kin ce takardunki na karatun jinya sun kusa fitowa, kin kuma ji cewa a Amurka ba da lita suke awo ba, amma wai ba damuwa tunda kin san galan lita huɗu ne. To ki cire wannan daga kanki tun kafin ki hau jirgi.

Galan iri biyu ne. Na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila kuwa lita 4.546. A 1824 Ingila ta yi doka ta sake galan ɗinta, ta ce shi ne mazubin da zai ci ruwa mai nauyin laba 10. Lokacin Amurka ta riga ta ɓalle daga mulkin Ingila, sai ta ci gaba da tsohon galan na zamanin Sarauniya Anne ta Ingila. Haka fayint, wato kashi ɗaya cikin takwas na galan: mililita 568 a Ingila, 473 a nan Amurka. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne oza, ƙaramin ma'aunin ruwa. Ta Amurka ta fi girma, mililita 29.6, ta Ingila 28.4, amma fayint ɗin Amurka ne ƙarami, domin oza 16 ke cikinsa, na Ingila kuwa 20. Saboda haka duk littafin da kika ɗauka, ki fara duba inda aka buga shi.

Galan na gidan mai ne da kanti, za ki saba da shi cikin mako guda. Inda nake jiye miki tsoro shi ne gefen gadon majinyaci. A asibiti da mililita muke rubutu, amma marar lafiya ba zai ce miki ya sha mililita kaza ba. Cewa zai yi ya sha oza takwas, ko rabin kofi. Ke ce za ki juya a take: oza ɗaya ki ɗauke ta mililita 30, kofi 240, rabinsa 120. Mai ciwon ƙoda da aka ƙayyade wa ruwan da zai sha a yini, lissafin nan naki ne ke tsare shi.

Sai cokali. Na shayi mililita 5 ne, babba 15. A rubuce tsp da tbsp ne, harafi ɗaya ya raba su. Uwa ta karanta cikin gaggawa da tsakar dare, yaro na zazzaɓi, sai ta ɗura masa ninki uku na maganin. Kada ki taɓa sallamar uwa da maganar cokali. Ki ba ta sirinji, ki nuna mata layin da yatsa, ki sa ta zuƙo maganin a gabanki.

Farkon zuwana na tambayi wata babba a wurin aiki wace oza ake nufi a wata takarda. A gaban mutane ta ce ko a inda na fito ba a koyar da lissafi ne. Har yau yana yi mini ciwo, alhali tambayata daidai take. Yanzu ni ce nake zaunar da sababbin ma'aikata ina koya musu wannan, kuma ban taɓa wulaƙanta mai tambaya ba.

Ke ma za a yi miki irin wannan kallon, ki daure ki tambaya. Ki rubuta 5, 15, 30 da 240 a ɗan kati ki sa a aljihun rigar aiki. Kafin ki taso ki haddace su, ki kira ni in yi miki jarrabawa.