Tambayi Likita: Sau huɗu ana ce min taifot ne, amma jiki ya ƙi dawowa

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema, ni ɗan kasuwa ne shekarata 46, tun bayan ƙaramar sallah jikina ya ƙi daɗi, ga kasala ga ciwon kai ga rama har wandunana duk sun min yawa, kuma duk sanda na je lab sai a ɗebi jini a ce taifot ne da maleriya, an sa min ruwa leda uku an yi min allurai na sha Cipro har na gaji, wannan karo na huɗu kenan a wata biyar. Ni kuma ban ma cika jin zazzaɓi ba, sai ƙishirwa kamar mai azumi, fiya wata sai in sha goma sha a rana, da dare in tashi fitsari sau biyar ko shida, har maiɗakina ta ce tana ganin kiyashi na taruwa a banɗaki in na fito. Wani abokina ya ce taifot ɗin ne ya zauna min a jiki in koma na gargajiya. Yaya zan yi?
Daga wani mai karatu a Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Wallahi tun ban kai ƙarshen wasiƙarka ba hankalina ya bar taifot ya koma kan ciwon suga. Ƙishirwa, yawan fitsarin dare, rama alhali kana ci, ga kiyashi, ai alamomin sun taru. Ba zan yanke maka hukunci a takarda ba sai an auna, amma gobe da safe kafin ka karya, bayan awa 8 ba ka ci komai ba sai ruwa, ka je a ɗan soki yatsanka a auna suga, minti ɗaya ne ba ya kai kuɗin ledar ruwa ɗaya da aka sa maka. In ya nuna 126 ko sama, ko 7.0 a wasu injinan, za a maimaita a tabbatar. Da irin alamominka ma ko da rana aka auna aka ga 200 ya isa. Akwai kuma HbA1c mai nuna yadda sugan ya kasance a kusan wata uku baya, 6.5 zuwa sama suga ne, sai dai mai sikila ya faɗa wa likita don gwajin na iya ruɗi a jininsa.

Abin da Hajiya ta gani kuwa ka gode mata. In suga ya haura wajen 180 a jini ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zubo cikin fitsari ya janyo ruwan jiki ya tafi da shi, shi ya sa kana sha kana zubarwa, jiki kuma ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Abin da ya fi tayar min da hankali ruwan nan da aka sa maka, don wani ruwan ledar sukari ne a ciki, a ɗura wa mai suga ba a auna shi ba ai ƙara wa wuta fetur ne, haka allurar dexamethasone da wasu ke haɗawa a kemis, ita ma tana hau da suga sosai.

To ina taifot ɗin ya fito? Duba takardar lab ɗin, na tabbata za ka ga an rubuta Widal da su 1/80 ko 1/160. Gwajin nan wani likitan Faransa ne ya fito da shi tun 1896, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba, sojojin jiki yake gani waɗanda suka taɓa haɗuwa da ita ko da danginta. Mu da muka tashi muna shan ruwan rijiya da na 'yan garuwa, da yawanmu ko muna garau aka auna sai a ga wani abu, maleriya ma kanta tana ɗaga shi. Taifot na gaske zazzaɓi ne mai zafi da yake hawa kullum ya ɗau kwanaki, da ciwon ciki, mutum ya kwanta rijif, ba ya zuwa kasuwa yana ciniki wata biyar. Tabbatar da shi sai an zuba jini a kwalba ta musamman an jira kwana biyu zuwa biyar a ga ko ƙwayar ta tsiro. Shan Cipro barkatai kuwa koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai yake, a Pakistan tun 2016 aka samu taifot ɗin da ya daina jin yawancin magungunan da muka saba da su.

Na taɓa karɓar wani bawan Allah da ya yi shekara biyu yana maganin taifot, ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa bai ma ji ba sai da safarsa ta fara wari, ranar ne aka fara auna masa suga a rayuwarsa. Har yau abin yana damuna.

Ka nemi babban asibiti, ɓangaren likitocin cututtukan cikin jiki na manya, ka ba su labarin kamar yadda ka ba ni, kar ka shiga da cewa taifot gare ni. A auna hawan jini, ƙoda, fitsari da ido, kuma tunda akwai rama a duba tibi da HIV, ba zargi ba ne, ƙa'idar aiki ce. In suga ne galibi da ƙwayar maganin suga mai suna metformin ake farawa ana sha tare da abinci, in ya hau da yawa a fara da insulin, kar allurar ta tsorata ka. Lemon kwalba da shayi mai sukari a ajiye daga yau, na gargajiyar abokinka ma haka. In amai ya zo, ko ciwon ciki, ko numfashi sama-sama, ko barci mai nauyi da ruɗewa, kar a jira gari ya waye.

TAMBAYA: Likita mahaifiyarmu na shan amlodipine na hawan jini sai ƙafafunta suka kumbura, shi ne ta daina, wai ai jinin ma ya sauka. Laifi ne?
Daga wata mai karatu a Gusau

AMSA: Allah ya ƙara wa Mama lafiya 'yar'uwa. Eh amlodipine yana kumbura idon sawu, sananne ne, amma fa maganin ne ya saukar da jinin, tana bari zai koma ya hau shiru ba ta sani ba. Sannan kumburin ƙafa na iya zama daga zuciya ko ƙoda, musamman in tana haki ko ba ta iya kwanciya sai da filo biyu uku. Ki kai ta cikin satin nan da kwalin maganin a hannu, a auna ta a duba fitsari da ƙoda, likita zai rage shi ko ya canza mata wani.