Karena ya cinye cakulan ɗin da aka aiko wa maƙwabciyata: wa zai biya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Tawa, kuma ina da kare irin na Azawak da nake ajiye a gida saboda tumakina, tun bayan da ɓarayi suka haura mini katanga har sau biyu. Maƙwabciyata dattijuwa ce da nake kira Inna, ɗanta yana aiki a Faransa. Ya aiko mata da kwali ta gidan waya, wani ɗan'uwansu ya karɓa a Yamai ya sa a motar fasinja, a tashar Tawa kuma aka ba wani ɗan kabu-kabu ya kai mata gida. Ya tarar ta tafi gaisuwar mutuwa, ya kira ta a waya, ta ce ya miƙa a gidana. Ya ƙwanƙwasa bai ji kowa ba, domin ina aji, maiɗakina kuma ta tafi awo, sai ya cilla kwalin ta saman katanga ya kama gabansa. Da na dawo na tarar kare ya yage kwalin, ya cinye fakiti biyu na baƙin cakulan, wanda muke kira shokola, giram 100 kowane, ya ɓata shaddar da ke ciki, kwalbar turare kuma ta fashe. Kafin magariba ya fara amai da haki da karkarwa. Ya kwana biyu a hannun likitan dabbobi, na kashe jika 35, wato sefa dubu 35, ya dai rayu. Yanzu Inna ta ce karena ya yi mata ɓarna sai na biya, ni kuma ina ganin ni aka cuta, yaron ya ce shi umarni ya bi. Wa ke da alhaki? Daga wani mai karatu, Tawa.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Barka da arziki, domin abin da karenka ya ci ya isa ya kashe shi, kuma zan fara da wannan kafin maganar biya, saboda da yawa daga cikinmu ba mu san cewa abin da yaro ke tsotsa lafiya lau guba ne ga kare ba. A cikin koko, wanda ake yin cakulan da shi, akwai wani sinadari mai suna tiyoburomin, ɗan'uwan kafeyin da ke cikin shayi da kofi. Jikin mutum yana fitar da rabinsa cikin kimanin awa 7, amma jikin kare sai ya yi kusan awa 17 da rabi, don haka sinadarin ya daɗe yana zagaya jini, yana tunzura zuciya da jijiyoyi. Likitocin dabbobi suna lissafinsa da nauyin kare: miligiram 20 a kan kowane kilo yana jawo amai da gudawa da rashin natsuwa, daga 40 zuwa 50 bugun zuciya ya rikice, daga 60 kuma farfaɗiya tana iya kamawa. Baƙin cakulan mai koko kashi 70 cikin 100 yana ɗauke da kimanin miligiram 800 a giram 100, na madara kimanin 200, farin kuwa kusan babu. Karen Azawak ba ya cika wuce kilo 25, kuma in naka ya kai kilo 20, to fakitin nan biyu sun zuba masa kusan miligiram 80 a kowane kilo. Ka ga ke nan jika 35 ɗin ba almubazzaranci ba ce, kuɗin ceton rai ce.

In haka ta sake faruwa ga wani, kada ya jira alamu, domin sukan jinkirta har awa 6 zuwa 12. A ɗauki kare tare da takardar fakitin zuwa wurin likitan dabbobi nan take, saboda cikin awa biyun farko ne ake iya sa shi amai da magani a fitar da mafi yawan abin, daga nan a ba shi garin gawayi na magani da ƙarin ruwa. Ɗura masa ruwan gishiri a gida, kamar yadda wasu ke yi, wata gubar ce a kan guba.

Yanzu ga batun alhaki. Hanya mafi sauƙi ita ce mu bi kwalin daga hannu zuwa hannu, mu ga inda amana ta yanke. Ɗan Inna da ke Faransa ya aika wa mahaifiyarsa halal ɗinsa, bai kuma aika wa gidan da ke da kare ba, don haka babu komai a kansa. Gidan waya ya miƙa wa wanda ya je karɓa a Yamai, nauyinsa ya sauka a nan. Motar ta kawo kwalin Tawa a rufe. Kwalin da ya tsallake teku, ya kuma yi tafiyar fiye da kilomita 500 daga Yamai ta Dosso da Ƙonni ba tare da ƙwarzane ba, a ƙofar gidanka ya lalace, a daidai lokacin da yaron ya ɗaga hannu ya cilla shi.

Yaron ya ce umarni ya bi, amma ba a umarce shi da abin da ya yi ba. Inna ta ce ya miƙa, kuma miƙawa a Hausa tana bukatar hannu biyu, mai bayarwa da mai karɓa. Da bai sami kowa ba, hanyoyi a buɗe suke gare shi: ya sake kiranta, ya mayar da kwalin tasha, ko ya dawo da yamma. Ina kuma ganin da wuya a ce bai san da kare ba, domin karen gadi ba ya yin shiru a lokacin da baƙo ke bugun ƙyaure. Ko da babu kare ma, turaren da ya fashe shaida ne a kansa, tunda ba haƙori ne ya fasa kwalbar ba, faɗuwa ce. A fiƙihun Malikiyya wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'addi ko sakaci, kuma cilla kayan mutane cikin gidan da babu kowa ya haɗa duka biyun. Malaman mazhabar ma sun fi tsanantawa ga mai dakon abin ci, suka ɗora masa lamuninsa in bai kawo hujja ba, saboda abu ne da hannu ke saurin kai masa. Dokar ƙasa ita ma nan ta nufa. Kundin dokokin farar hula da Nijar ta gada daga na Faransa na 1804 ya ce a sashe na 1382 duk wanda laifinsa ya jawo wa wani cuta sai ya gyara, sashe na 1383 kuma ya ƙara da cewa sakaci da rashin lura ma sun isa.

Akwai tambayar da ya kamata ka bincika kafin ku zauna: shin yaron ma'aikacin kamfanin motar ne, ko kuwa ɗan kabu-kabu ne mai zaman kansa da aka tsayar a bakin tasha? In kamfanin ne ya aike shi, sashe na 1384 ya ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki, kuma dokar 2003 ta OHADA (ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka) kan jigilar kaya ta hanyar mota, wadda Nijar ke aiki da ita, ta ce mai jigila yana da alhakin kaya tun daga karɓa har zuwa miƙawa. Sai dai Inna ta sani cewa wannan doka ta taƙaita diyyar kaya a jika 5 kan kowane kilo in ba a bayyana darajarsu a takardar jigila ba, abin da ba zai sayi rabin shadda mai kyau ba, sai fa in an tabbatar da ganganci. Ta adana rasiɗin tasha, domin shi ne hujjarta.

Kai kuma, Malam, kada ka ɗauka maganar Inna ba ta da tushe kwata-kwata. Sashe na 1385 ya ce mai dabba shi ke da alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce, kuma ba a bukatar a nuna cewa ya yi laifi. Da karenka ne ya fita ya shiga gidanta ya yage kwalin, da na ce maka ka biya ba tare da gardama ba. Amma karenka yana cikin gida a kulle, a inda ya kamata ya kasance, kayan ne suka faɗo masa daga sama ta hannun wani, kuma irin wannan laifi na wani daban, wanda ba ka iya hangowa balle ka tare shi, yana sauke nauyi daga kan mai dabba. Hadisin da ke cikin Buhari da Muslim ya ce ɓarnar dabba ba ta da diyya, malamai kuma sun fassara shi da halin da mai ita bai yi sakaci ba. Ga kuma wani abin: ajiya ba ta zama ajiya sai wanda aka ba ya sani ya kuma yarda. Ba a kira ka ba, ba a tambaye ka ba, saboda haka ba za a tuhume ka da tozarta amanar da ba ka karɓa ba.

Na san wani zai ce ai kare ne, me ya sa za a yi masa lissafin magani. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ambaci hani a kan sayar da karnuka, amma ta ce wanda ya kashe karen da aka halatta riƙewa sai ya biya ƙimarsa, kuma karen tsaron dabbobi yana cikin waɗanda aka yi wa izini. Dabbar da ke kwana a farke domin tumakinka su kwana lafiya tana da haƙƙin magani a kanka, kuma kuɗin da ka kashe asara ce ta gaske da aka jawo maka.

Saura Inna. A ganina tana da ɗan kaso, ba mai yawa ba. Ta san kana da kare, ta san lokacin makaranta ne, ta tura kaya gidanka ba ta buga maka waya ba, ba ta kuma gargaɗi yaron ba. Mace tana zaune a gidan makoki ba lallai ne hankalinta ya kai nan ba, kuma ban ga ya dace a tsananta mata ba, amma wannan ya isa ya hana ta neman diyya a wurinka.

Hukuncin da nake gani shi ne, ba ka bin Inna, ita ma ba ta bin ka, ku biyun kuna bin wanda ya cilla kwalin, ko kamfanin da ya aike shi. Ban ba ka shawarar zuwa kotu ba, domin zirga-zirgar za ta ci fiye da jika 35, kuma dokar ƙasa ta ba sarakunan gargajiya da masu unguwa ikon yin sulhu a irin wannan rigima. Ka fara shiga wurin Inna da kanka, ka gaishe ta, ka jajanta mata asarar tsarabar ɗanta kafin ka ambaci ko dala ɗaya, domin ina zaton abin da ya fi yi mata zafi shi ne kyautar da ta zo daga nesa ba ta ko taɓa ta ba. Daga nan ku je wurin mai unguwa tare, da rasiɗin tasha da takardar likita da yagaggen kwalin. In ya tabbata yaron shi kaɗai ne, a dubi ƙarfinsa, tunda mai neman na cefane a kan babur ba zai iya fitar da kuɗin magani da na shadda a rana ɗaya ba. A yanka masa abin da zai iya, ya biya kaɗan-kaɗan, abin da kuka yafe kuma ya zama kun yafe ne bayan ya amsa laifinsa a gaban shaidu.

Ka sa a rubuta a jikin ƙyaurenka, da Hausa da Faransanci, cewa akwai kare a ciki kuma ba a jefa kaya, tare da lambar wayarka a ƙasa. Karen kuma ka lura da shi na wasu kwanaki, domin kitsen da ke cikin cakulan yana iya tayar da ciwon ciki mai tsanani bayan gubar ta wuce. In ka ga ya ƙi abinci, ko amai ya dawo, ko yana tanƙware baya saboda ciwo, ka mayar da shi wurin likitan a ranar.