Katin Hasumiya: ki ajiye mai wuƙa, ki ɗauki Carrie

Sannu 'yar'uwa. Tun jiya na ga tambayarki, sai yanzu na sami zama. Kin ce kin fara koyon ma'anonin katunan tarot, katunan nan masu zane-zane da wasu ke duba da su, katin Hasumiya ya ƙi zama miki a ka, sai aka ba ki shawara ki riƙa haɗa kowane kati da wani mutum na cikin finafinan ban tsoro. Ke kuma kika ɗauko Michael Myers, mai farar fuskar roba da wuƙa, tunda duk gidan da ya shiga sai kuka. Kina tambaya ko zaɓin ya yi. Dabarar tana da kyau, da ita ni ma na koya. Zaɓin ne ban yarda da shi ba, kuma zan gaya miki dalili.

Bari in fara faɗa miki inda na tsaya. Ni ban ɗauki kati a matsayin abin da ya san gobe ba, gaibu sai Allah. Asalinsa ma wasan karta ne da ya ɓulla a arewacin Italiya wajen 1440, a fadojin irin su Milan da Ferrara, kuma an yi shekaru sama da ɗari uku ana buga shi a kan tebur kafin wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya rubuta a 1781 cewa wai sirrin tsohuwar Masar ne, ba tare da wata hujja ba. Katunan da yawancinmu muke riƙe da su a Landan aka buga su a 1909, wata mai zane, Pamela Colman Smith, ta zana su bisa tsarin A. E. Waite. Guda 78 ne, manya 22, ƙanana 56. Matar nan ta yi aiki da masu wasan kwaikwayo na dandamali, ta san Bram Stoker, marubucin Dracula, har ita ta yi wa littafinsa na ƙarshe zane a 1911. Shi ya sa in kin lura za ki ga kowane katinta kamar fitowa ce ɗaya a wasa, an tsayar da 'yan wasan ana tsakiyar abu. Ni da wannan nake amfani, ina karanta su a matsayin hotuna masu labari, ina rubutu da su, ina tunani da su. Haɗa su da fim kuwa ai mayar da su gida ne.

To, ɗauko katin, mai lamba 16, ki ajiye shi a gabanki. Kada ki duba littafin ma'ana tukuna, ki duba zanen. Sama baƙi ƙirin. Doguwar hasumiya a kan tsinin dutse. Aradu ta faɗo mata a ka, ta tumɓuke wani katon kambin sarauta da aka ɗora mata a maimakon rufi. Wuta na fitowa daga samanta da tagoginta uku. Mutum biyu na faɗowa, kai a ƙasa, ɗayansu da kambi a kansa. Ki nemi ƙofa a jikin ginin, ba za ki gani ba. Na daɗe ina kallon katin kafin in lura da wannan, kuma ranar da na lura ma'anarsa ta sauya mini gaba ɗaya. Waɗannan mutanen ba su da hanyar fita sai ta faɗuwa.

Yanzu ki tambayi kanki, ina Myers a cikin wannan hoton? In ma kin matsa, sai dai ki ce shi ne aradun. Amma katin ba sunansa Aradu ba, sunansa Hasumiya. Labarin ginin ne da waɗanda ke cikinsa. A fim ɗin Halloween na 1978, 'yan matan da Myers ya far wa ba wani gini suka yi a kan ƙarya ba, suna zamansu ne masifa ta zo ta same su daga waje. Shi kuma ba abin da ke rushewa a cikinsa. Likitansa ya ɗirka masa harsashi shida, ya faɗo daga bene, aka leƙa ƙasa ba a gan shi ba. Ni da farko a katin Mutuwa na rubuta sunansa a littafina, daga baya na soke, don shi ma katin nan magana yake a kan ƙarewar abu da zuwan wani, Myers kuwa ba ya ƙarewa, ba ya sauyawa. Kuskuren da duk muke yi kenan da farko: muna haɗa kati mai ban tsoro da fuska mai ban tsoro. Abin da ya kamata a haɗa shi ne abin da ke faruwa a katin da abin da ya faru da mutumin.

Wadda na ajiye wa Hasumiya ita ce Carrie, ta fim ɗin 1976 da Brian De Palma ya shirya daga littafin Stephen King na 1974, wadda Sissy Spacek ta fito a matsayinta. In ba ki kalla ba, ki yi haƙuri, dole in faɗi ƙarshensa.

Yarinya ce 'yar sakandare, shiru-shiru, kullum kai a sunkuye. Mahaifiyarta ta ɗauki tsanani ta mayar da shi addini, ta rufe ta daga duniya, in ta ga dama ta jefa ta wani ɗan ƙuƙumin ɗaki ta kulle ta ce ta yi ta addu'a. Ko jinin al'ada ba ta taɓa yi mata bayaninsa ba, shi ya sa ranar da ya fara zo mata a wurin wankan makaranta ta ɗauka mutuwa za ta yi, 'yan ajinsu kuma suka kewaye ta suna jifanta da audugar mata suna shewa. Wannan gidan nasu shi ne gini marar ƙofa. An ɗora shi a kan tsoro da ɓoye-ɓoye, kuma tun farkon fim ana nuna miki tsagewar bango: ƙwan lantarki ya fashe, madubi ya tarwatse, duk lokacin da ranta ya ɓaci wani abu sai ya motsa ba tare da ta taɓa shi ba. Wutar tana ciki tun tuni, hanyar fita ce ba ta samu ba.

Sai kambin. A daren bikin rawa na ƙarshen shekara aka zaɓe ta sarauniya, aka hau da ita dandamali da furanni a hannu, tana murmushin da ba ta taɓa yi ba. Amma ƙuri'ar maguɗi ce, masu son wulaƙanta ta ne suka shirya don su tsayar da ita daidai ƙarƙashin bokitin jinin alade da suka rataye a sama. Ki duba katin kuma: kambi ne a inda ya kamata rufi ya kasance, kwalliya a wurin da ake buƙatar kariya. Da jinin ya zubo, abin da ya fara taɓawa shi ne wannan sarautar, kuma daga sama ya zo, cikin ƙiftawar ido. Ga aradunki nan. Daga nan ƙofofin zauren suka rufe kansu, tiyon kashe gobara ya tashi yana watsa mutane, wuta ta kama. Bokitin daga waje ya zo, gaskiya ne, amma bokitin jini ba ya ƙona makaranta. Abin da ya ƙona ta shi ne abin da aka shekara ana dannewa.

Akwai wani abu a nan da nake so ki riƙe sosai, don littattafan ma'ana da yawa suna sassauta shi. Suna cewa Hasumiya tana rushe ƙarya ne kawai, kamar wani alƙali mai adalci. Fim ɗin ya fi su gaskiya. Malamar da ta tsaya wa Carrie, ta hukunta masu tsokanarta, ta ƙarfafa mata gwiwa ta je bikin, ita ma a zauren ta mutu. Saurayin da ya rako ta da zuciya ɗaya, bokitin ya faɗo masa a ka, bai fita ba. In gini ya zo faɗuwa ba ya tantance mai laifi. Adalci katinsa daban, da sikelinsa da takobinsa. Wannan kuwa rushewa ce, kuma wanda ya taɓa ganin gida ya watse ya san yara ma ba sa tsira.

Mutum biyun da ke faɗowa fa? A ƙarshe Carrie ta koma gida ta wanke jikinta, ta nemi uwarta ta rungume ta, uwar ta soka mata wuƙa a baya. Ita kuma ta kashe uwar, sannan gidan ya rufto musu su biyun yana ci da wuta. Wanda ya gina da wanda aka kulle a ciki, tare suka tafi. Ban san wani fim da ya zana katin nan kusa da haka ba.

Sai dai dabarar tana da illa, kuma ta taɓa cutar da ni. In kin saba ganin Carrie a katin, za ki riƙa zaton Hasumiya sai da jini da gobara. A rayuwa ba haka take zuwa ba yawanci. Ni tawa da kiran waya ɗaya ta zo. Sana'ata ta durƙushe, na ɓoye wa iyalina kusan shekara guda, ina cin bashi nan in toshe can, kullum in yi wanka in fita kamar mai zuwa aiki. Wata rana ina banɗaki wayata ta yi ƙara, aka ɗaga mini, mai bin bashi ne, ya zayyane komai. Na fito da ruwa a jikina na tarar da falo tsit, wayar tana kan tebur, ana kallona. Ba wanda ya ɗaga murya. Amma duk abin da na gina a shekarar nan a wannan minti ya zube, kuma waɗanda ba su ci ba su sha ba suka sha wahalar tare da ni. Bayan wata biyu ina jera katunan don wani labari da nake rubutawa, na zo kan lamba 16, na daɗe riƙe da shi. Sai a ranar na gane fuskar masu faɗowar nan, bakinsu a buɗe, ba su da abin kamawa.

Abin da fim ɗin bai ba ki ba shi ne abin da ke biyo baya. Fim ɗin tsoro aikinsa ya sallame ki da faɗuwar gaba, shi ya sa aka rufe wannan da mafarkin wata 'yar ajinsu da ta tsira, hannu na fitowa daga ƙasa yana cafke ta. Jerin katunan kuwa bai tsaya a nan ba. Kafin Hasumiya akwai lamba 15, Iblis, mutum biyu da sarƙa a wuya, sarƙar kuma sako-sako ce, da sun so da sun zare ta da hannu. Bayanta akwai lamba 17, Tauraro, mace ita kaɗai a bakin ruwa tana zuba ruwa daga tulu biyu, ba gini, ba kambi, sarari ko'ina. Ni daren da asirina ya tonu shi ne daren farko cikin watanni da na yi barci har asuba. Wannan ɓangaren Carrie ba ta kai gare shi ba, don haka in kin rubuta sunanta a ƙarƙashin katin, ki bar layi ɗaya a ƙasa ki rubuta naki.

In za ki kalli fim ɗin, ki ajiye katin a gefenki daga lokacin da aka kira sunanta a zauren har zuwa rushewar gidan. Sannan ki dawo ki gaya mini, a cikin biyun da ke faɗowa wacce kike ganin ita ce mai kambi a ka, Carrie ko uwar. Na fi shekara ina cewa Carrie ce, yanzu kuma zuciyata ta fi karkata ga uwar, ina son in ji naki.