Gyara wa Mutum Rubutu a Bainar Jama'a: Yaushe Ya Dace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare, kuma ina cikin wani zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu. Kwanan baya ana muhawara a kan tsadar takin zamani, sai wani yayanmu ya rubuta "kasa ta bata" da "xamu gani", na gyara masa a nan take. Ya ji haushi ƙwarai, ya ce na raina shi, har wasu suka goyi bayansa. Shin na yi laifi ne, ko kuwa in zuba ido ana lalata harshen da nake koyarwa? Daga wata malama a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kishin da kike yi wa harshen nan abin yabo ne, kuma gyaran da kika yi daidai ne ta fuskar ƙa'ida, domin "kasa" da "ƙasa" kalmomi biyu ne, haka ma "bata" da "ɓata", kamar yadda "baki" ya sha bamban da "baƙi". Sai dai a ganina kin yi gyaran a inda bai kamata ba. Mutumin yana magana ne a kan abin da ya dame shi, wato kuɗin buhun taki da halin da gonarsa za ta shiga a damina, kuma babu wanda ya kasa fahimtar nufinsa. Idan aka bar hujjar mutum aka kama harafinsa, abin da yake ji shi ne ana so a nuna wa jama'a ƙarancin karatunsa, balle a ce mai gyaran ƙanwarsa ce. Da kin tura masa saƙo shi kaɗai, kika fara da gaisuwa da yaba maganarsa, da wuya ya ƙi karɓa, tunda gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai kuma abin da nake so masu gyara su riƙa tunawa, wato ƙa'idojin rubutun boko ba a yini ɗaya aka tsara su ba. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun samu gindin zama ne a shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta taimaka wajen yaɗa su, sannan masana suka yi ta zama don daidaita rubutun, a Bamako a 1966 da kuma Yamai a 1980. Har yau a Nijar ana rubuta "ƴaƴa" inda mu muke rubuta "'ya'ya". Saboda haka kafin mutum ya ɗaga yatsa, ya tabbatar kuskure ya gani ba karin harshe ba. Basakkwace da ya ce "shi na" a madadin "shi ne", ko Bazazzagi da ya ce "yarinyan nan", yana magana ne da Hausar da ya tashi a cikinta, kuma hirar 'yan unguwa ba takardar jarrabawa ba ce da za a tilasta masa Daidaitacciyar Hausa. Da yawa daga cikin masu barin lanƙwasa ma ba rashin sani ne ya jawo ba, wayarsu ce ba a saita mata haruffan ba, alhali allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kuma nuna wa mutum yadda zai sa shi ya fi yi masa amfani fiye da gyaran kalma guda.

Wannan ba ya nufin a yi shiru ko'ina. Ni kaina "xan xo" da "dae" suna ci mini tuwo a ƙwarya, musamman da yake malamai suna kukan cewa irin wannan rubutu yana biyo yara har cikin littattafan aji. Inda kuskure ya juya ma'ana, gyara ya zama dole, kuma a fili, domin duk wanda ya karanta zai iya ɗaukar abin da ba shi ake nufi ba. Idan an rubuta aya ko hadisi ba daidai ba, ko an kuskure adadin magani, ko ranar ɗaurin aure, sai a gyara nan take cikin ladabi. Haka nan kafafen yaɗa labarai da ofisoshin gwamnati da masu buga allunan talla, waɗanda rubutu sana'arsu ce, sun cancanci a nuna musu bambancin "akan yi" da "a kan hanya", da cewa "yana" a haɗe take, "za mu" kuwa a rabe, domin daga gare su jama'a suke kwaikwayo. Amma wanda ya rubuta sanarwar rasuwar mahaifiyarsa hannunsa yana rawa, addu'a ya kamata a yi masa, ko da kuskure goma ne a layi ɗaya.