Kun tambaya: sayen ETF na gidaje daidai yake da mallakar gidan haya?

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, abin da nake iya warewa a wata ba zai sayi fili ba balle gida. Na ji an ce akwai ETF na gidaje da mutum zai zuba kuɗi kaɗan ya riƙa karɓar haya. Mene ne shi, kuma da gaske kamar mallakar gida ne?

Wa alaikumus salam, Malam. Rabin abin da ka ji gaskiya ne. Kuɗin haya zai iso gare ka, amma abin da ka saya hannun jari ne, kuma halinsa na hannun jari ne.

Akwai kamfanonin da ake kira REIT, waɗanda sana'arsu mallakar gine-gine da ba da su haya. Dokar da ta kafa su an sa mata hannu a Amurka a 1960, zamanin shugaba Eisenhower, domin mai ƙaramin ƙarfi ya samu shiga harkar manyan gine-gine. Sharaɗinsu a can shi ne aƙalla kashi 75 cikin ɗari na dukiyar kamfanin ta kasance a kadarori irin waɗannan, sannan ya raba wa masu hannun jari aƙalla kashi 90 na ribar da ake lissafa wa haraji duk shekara. Idan ya cika sharaɗin, ba ya biyan harajin kamfani a kan abin da ya raba. Shi kuma ETF asusu ne da ke sayen hannun jarin irin waɗannan kamfanoni da yawa ya haɗa su wuri ɗaya, kai kuma ka sayi yanki daga asusun a kasuwar hannun jari kamar yadda ake sayen na kowane kamfani.

Kalmar "gidaje" ce ke ruɗar mutane. Buɗe jerin abin da manyan asusun Amurka suka mallaka, kamar VNQ na Vanguard da aka fara a 2004 ko IYR na iShares da ya fito a 2000, za ka tarar a sahun gaba akwai Prologis mai rumbunan ajiyar kaya, da American Tower mai turakun sadarwar waya, da Equinix mai cibiyoyin adana bayanan kwamfuta, da Welltower mai gidajen kula da tsofaffi, da Simon Property Group mai manyan rukunin kantuna. Gidajen kwana na haya yanki ne kawai a ciki. Ke nan cinikin intanet da yawan amfani da waya suna taɓa jarinka fiye da tsadar haya a wata unguwa.

Sai batun farashi. Mai gida ba ya ganin darajar gidansa tana motsi kullum, don ba kullum ake taya shi ba. ETF kuwa ana taya shi kowane minti. A rikicin tattalin arziki na 2007 zuwa farkon 2009, hannun jarin REIT na Amurka sun zubar da kusan kashi biyu cikin uku na darajarsu. A watan Maris na 2020 sun sake faɗuwa cikin makonni, wasu kamfanoni irin su Simon suka rage rabon riba saboda an rufe kantuna. A 2022 VNQ ya sauka da kusan kashi 26, alhali masu haya suna biya. Dalili shi ne babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a Maris na shekarar, har ya wuce kashi 5 a 2023. Kamfanonin gine-gine da bashi suke aiki, don haka sabunta bashin ya yi musu tsada. Sannan mai kuɗi ya ga takardun lamunin gwamnati suna ba da abin da ya kai ribar REIT ba tare da wannan haɗarin ba, sai ya janye.

Amfaninsa dai a fili yake: babu rigima da ɗan haya, babu gyaran rufi, kana iya sayarwa a rana ɗaya, kuma mutuwar kamfani guda ba za ta cinye maka jari ba.

Na buɗe manhajar dillali na ga ETF na gidaje sun fi goma. Wani ribarsa kashi 4, wani kashi 9. Me zai hana in ɗauki mai kashi 9?

Malama, kwaɗayi mabuɗin wahala. Kafin ki duba riba, duba irin kamfanonin da ke ciki. Masu ribar da ta yi yawa haka galibi na REIT masu ba da bashin gidaje ne, irin su Annaly da AGNC, waɗanda wani ETF mai suna REM ke tarawa. Waɗannan ba gini suke riƙewa ba. Suna ranto kuɗi na gajeren lokaci, su sayi takardun bashin gidaje na dogon lokaci, su ci tazarar kuɗin ruwan da ke tsakani. Da tazarar ta tsuke sai a yanke rabon riba, farashi kuma ya bi shi ƙasa. Wani lokacin ma kashin ribar yana hawa ne don farashin ya faɗi: dala 4 a kan hannun jarin dala 100 kashi 4 ne, idan farashin ya dawo dala 50 sai ya koma kashi 8, ba tare da kamfanin ya ƙara komai ba. Abin da ya kamata ki kwatanta shi ne jimillar sakamako na shekara biyar ko goma, wato rabon riba haɗe da hawa ko saukar farashi.

Bayan haka ki duba kuɗin gudanarwa da asusun ke cira duk shekara. Wasu ba su kai 0.15 cikin ɗari ba, wasu suna kusa da 0.40. A kan dala 10,000, bambancin ƙasa da dala 15 ne da kusan dala 40 a shekara, kuma ana cira ko an ci riba ko an faɗi. Ki duba yawan kamfanonin ciki ma: XLRE na riƙe da kusan talatin kacal, waɗanda ke cikin jerin manyan kamfanonin Amurka 500 da ake kira S&P 500, VNQ kuwa ya haura ɗari. Duk asusun da kika ga an rubuta masa 2x ko 3x, ki wuce. Yana ninka motsin rana ɗaya ne kawai, kuma idan aka daɗe da shi cikin kasuwa mai hawa da sauka, lissafinsa yana cinye jari.

Ba a Amurka nake zaune ba. Yaya ake saye, kuma nawa ake cirewa kafin riba ta zo hannuna?

Ka fara da dillalin da ke da rajista da hukumar kula da kasuwar hannun jari, ka tabbatar da lambar rajistar a shafin hukumar da kanka. Za a nemi katin shaida da shaidar adireshi, sannan ka cike takardar W-8BEN da ke nuna kai ba mai biyan harajin Amurka ba ne. Ka tambayi kuɗin canji tun farko, domin a wurin mai ƙaramin jari shi ne yakan fi kuɗin gudanarwa ciwo, kuma ana biyan sa a shiga da fita.

Wajen saye, ka rubuta gajeren sunan asusun, ka zaɓi umarnin da kai ne ke ƙayyade farashin da ba za ka wuce ba. Kasuwar New York tana buɗewa 9:30 na safe ta rufe 4:00 na yamma agogon can, kuma mintunan farko su ne tazarar farashin mai saye da mai sayarwa ta fi faɗi, don haka ka ɗan jinkirta. Dillalai da yawa suna sayar da ɓangaren hannun jari, ba sai ka iya sayen guda cikakke ba.

Haraji kuwa, Amurka tana riƙe kashi 30 na rabon ribar baƙo tun daga tushe, sai fa idan ƙasarka na da yarjejeniyar haraji da ita, a nan yakan sauko zuwa kashi 15. Idan ka zuba dala 5,000 a asusu mai ba da kashi 4, dala 200 ke nan a shekara; a cire 60, ka tashi da 140, wato kashi 2.8. Ga wani abin da ba a cika faɗa ba: baƙon da ya rasu ya bar kadarorin Amurka fiye da dala 60,000, harajin gado na can yana iya hawa kansu. Shi ya sa masu babban jari daga waje sukan koma ga asusun da aka yi wa rajista a ƙasar Ireland, masu alamar UCITS. Dokar harajin ƙasarka kuma tana nan tana jira, wannan sai ka tambayi akanta.

Yawancin asusun suna raba riba sau huɗu a shekara. Kada ka yi gaggawar saye ana gobe za a rufe rajistar masu karɓa da nufin cin bulus, domin washegari farashin yakan sauka da kusan adadin abin da aka raba, kai kuma an cire maka haraji.

Ya halatta a Shari'a?

Fatawa ta malamai ce, mu dai ga abin da za ka kai musu. Kuɗin haya ba shi ne matsalar ba. Matsalar tana wuri uku: yawan bashi mai ruwa da kamfanin ya ci, sana'ar masu haya kamar gidajen caca da mashaya, da kuma REIT masu ba da bashi, waɗanda duk samunsu kuɗin ruwa ne. Ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ya taƙaita bashi mai ruwa a kashi 30 na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin shiga maras tsarki kuma kada ya wuce kashi 5, wanda ake fitarwa sadaka. REIT da yawa ba sa tsallake wannan ma'auni, don haka asusun gama-gari irin VNQ ba tantacce ba ne. Akwai waɗanda aka tantance, kamar SPRE a Amurka, sai dai kamfanonin cikinsu ba su da yawa, kuɗin gudanarwarsu kuma ya fi tsada.

Kashi nawa na ajiyata zan saka?

Hajiya, ki fara ware kuɗin da zai riƙe ki wata uku zuwa shida, kuma duk abin da za ki buƙata kafin shekara biyar kada ya shiga nan. A ganinmu kashi 5 zuwa 10 na jarin da ya rage ya isa ga mai farawa, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan duk wata maimakon lokaci guda. Idan kina da asusun S&P 500, akwai kamfanonin gine-gine kimanin kashi 2 a cikinsa tuni, sai ki lissafa da su kafin ki ƙara.