Gidan bakin tafki a Mishigan: wa ke da ƙasar da ruwa ya rufe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Ditiroit, na ga gida a bakin wani tafki a gundumar Okland ina son saya. Dillali ya ce filin ya kai har tsakiyar ruwa, shi ya sa farashin ya ɗara na maƙwabta. Akwai kuɗin ƙanena da ke Kano a ciki. Maganar dillalin gaskiya ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tana iya zama gaskiya, amma kada ka biya ko dala ɗaya a kanta sai ka gan ta a takarda. A Amurka kowace jiha da dokarta a wannan batu, kuma a Mishigan abin da ke yanke hukunci shi ne irin tafkin.

In tafki ne na asali na cikin jihar, wanda ba mutum ya haƙa ba, kuma filinka yana taɓa ruwa, to ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan taka ce har zuwa tsakiya. Sai dai ƙasar ce taka, ruwan ba naka ba ne. Duk mai gida a gaɓar, da duk wanda ya shigo ta halastacciyar hanyar jama'a, yana iya wucewa da kwale-kwale ko ya kama kifi a gaban gidanka. Abin da ba ya da iko shi ne ya kafa dandamalin ɗaure jirgi a rabonka, ko ya girke jirginsa a can ya bar shi. Iyakar cikin ruwa ma ba ta bin layin shingenka. A tafki mai siffar da'ira kowane rabo yana tsukewa zuwa tsakiya kamar yankan kankana. A dogon tafki kuwa ana jan layi daga iyakarka zuwa layin da ya raba tafkin biyu. Nan maƙwabta suka fi rigima, domin mutum sai ya miƙe dandamalinsa bisa layin shinge, ashe ya shiga rabon wani. In abin ya yi tsami, kotu ce kawai ke tsayar da layin.

Manyan tafkuna irin su Mishigan da Huron da Iri da Sufiriya hukuncinsu daban: ƙasansu amana ce a hannun jiha domin jama'a. A 2005 Kotun Ƙolin Mishigan ta ce kowa na iya tafiya a gaɓarsu matuƙar bai haura alamar da ruwa ya saba kaiwa ba.

Wanda ya fi damuna shi ne tafkin da madatsar ruwa ta samar. Kotunan jihar sun sha cewa haƙƙin mai gaɓa bai shafi ruwan da mutum ya ƙirƙira ba, sai abin da takardu suka ba ka. Sau da yawa ƙasan irin wannan tafki na mai madatsar ne, ko na ƙungiyar masu gidaje. A watan Mayu na 2020 madatsar Edenbil ta ɓalle, tafkunan Wiksom da Sanfod suka tsiyaye. Masu gidaje suka wayi gari da laka a gabansu, lakar ma ba tasu ba, daga baya kuma aka ɗora musu haraji na musamman domin sake gina madatsun. Tafkin asali ma yana iya samun ƙaramar madatsa mai daidaita yawan ruwa, don haka ganin ido bai isa ba. A tambayi ofishin kula da magudanan ruwa na gunduma.

Kafin ka sa hannu, ɗauki lauyan da ya san shari'ar gaɓar ruwa, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya karanta takardar mallaka tare da taswirar unguwar da ke rajista a ofishin gunduma. Abin dubawa: iyakar filin ta kai bakin ruwa, ko an tsayar da ita a wani layi kafin ruwa? Siririn fili na wani, ko taku biyu ne, in ya shiga tsakani ya raba ka da haƙƙin gaba ɗaya. In titi ne tsakaninka da ruwa, hukuncin ya danganta da yadda aka keɓe titin a taswira. Ka kuma bambance gidan da ke bakin tafki da wanda tallarsa ta ce yana da hanyar zuwa tafki. Na biyun galibi izinin wucewa ne kawai, ba na kafa dandamali ba. Sa safiyo, wato mai awon fili, ya auna sabo, ya nuna inda dandamalinka da na maƙwabta suke. Karanta jerin abubuwan da inshorar mallaka, wato wadda ke kare ka in wani ya taso da da'awa a kan gidan, ta cire, don ta saba cire ƙasan ruwa da haƙƙin gaɓa. A rubuta cikin yarjejeniya cewa in binciken ya saɓa wa maganar dillali, za ka janye a mayar maka da kafin alƙalaminka.

Ko ta tabbata taka ce, ba ka zuba yashi, ko ka yashe laka, ko ka gina katangar tare ruwa ko dandamali na dindindin sai da izinin hukumar muhalli ta jiha, EGLE. Dandamalin amfanin gida da ake cirewa kafin ruwa ya daskare yawanci ba ya bukatar izininta, amma ƙaramar hukuma na iya samun nata sharaɗin. Nemi kwafin izinin duk abin da mai gidan ya gina, domin aikin da aka yi ba izini kai zai biyo.

Batun ƙaninka kuwa, rashin zamansa a Amurka bai hana a sa sunansa a takardar mallaka ba. A rubuta kason kowa da lamba. Ka gaya wa lauya ba ka son tsarin da in ɗaya ya rasu wanda ya rage ke kwashe gidan duka, saboda yana hana magada rabonsu na shari'a. Ka ce a rubuta ku a matsayin masu tarayya, kowa kasonsa ya wuce ga magadansa, sannan ka aika wa ƙanin naka kwafin takardar bayan an yi mata rajista.